Kafin ka nemi shiga aikin binciken kod a Clang ko GCC

Kuskuren da yawancinmu muka fara da shi shi ne rubuta takardar neman shiga Google Summer of Code, shirin Google na shigar da sababbi cikin ayyukan buɗaɗɗen kod, tun kafin mu gina kwamfailar (manhajar da ke fassara kod zuwa harshen inji, kamar Clang ko GCC) da hannunmu. Sai mu ɗauki alkawarin rubuta sababbin masu bincike (sassan kod da ke gano kurakurai a cikin manhaja) huɗu ko biyar cikin awa 350, alhali ko wurin da fayilolin suke ba mu sani ba. Masu duba takardun na gane haka tun daga sakin layin farko.

Don haka fara da gini. A LLVM, babban aikin da Clang ke cikinsa, kada ka zaɓi Debug a karon farko, domin yana cin gomman gigabait, kuma wajen haɗa fayiloli sai RAM ta cika kwamfuta ta tsaya cak. Zaɓi Release, ka kunna LLVM_ENABLE_ASSERTIONS, ka taƙaita LLVM_TARGETS_TO_BUILD ga injinka kaɗai, ka sa LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS ya zama 1. A GCC kuwa, inda David Malcolm ya shigar da mai binciken kod na -fanalyzer a fitowa ta 10 a 2020, ka sa --disable-bootstrap. In ba haka ba kwamfailar za ta gina kanta sau uku kana zaune kana jira.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gargaɗin ƙarya. Kama kuskure ba wuya, wuyar ita ce yin shiru a kan kod mai lafiya. Ɗauki misalin mai binciken da ke bin sawun malloc da free, wato ayyukan ware ma'adana da sakinta. A gwajinka na layi goma zai yi kyau. Amma a manhaja ta gaske, ana miƙa manunin (pointer, adireshin ma'adanar) ga wani aiki da ke cikin wani fayil, shi ne zai saki ma'adanar. Mai bincikenka bai ga can ba, sai ya yi ihun yoyon ma'adana alhali babu. A Clang, checkPointerEscape ne maganin wannan: da zarar manuni ya kuɓuce maka, ka daina bin sa. Mun sha raina wannan, kuma shi ne abu na farko da mai bitar faci (gyaran kod da ka tura) zai tambaya. Dalilinsa mai ƙarfi ne: injiniyan da aka ruɗa sau uku kashe binciken zai yi gaba ɗaya, har da gargaɗin gaskiya.

Saboda haka kowane gwaji a clang/test/Analysis ya zo da fuska biyu, inda ake sa ran gargaɗi, wanda ake yi wa alama da expected-warning, da inda dole a yi shiru. Gudanar da gwaje-gwajen da check-clang-analysis kafin turawa. In sakamako ya ɗaure maka kai, kada ka yi hasashe; clang_analyzer_eval zai faɗa maka abin da injin ya ɗauka a daidai wannan layin.

Tura ƙaramin faci tun kafin a buɗe karɓar takardu, ko da gyaran saƙon gargaɗi ne. LLVM na karɓa ta GitHub tun 2023. Za a dawo maka da shi da gyare-gyare, wani lokacin sau da yawa, ka amsa kowanne ɗaya bayan ɗaya.

A takardar, mai bincike ɗaya ya isa. Ka rubuta kod ɗin da zai kama, da wanda ka san zai wuce shi, sannan ka ware makonni don gwada shi da scan-build, kayan da ke gudanar da binciken Clang yayin gini, a kan manhaja irin SQLite ko curl, kana karanta kowane gargaɗi da idonka.