Ranar da kunya ta fitar da kyaftin ɗinmu

Ranar Alhamis da daddare maƙwabcina ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya ce ƙungiyar kurket ta ƙauyen ba ta cika ba. Mutum goma gare su maimakon sha ɗaya, ga wasan lig jibi Asabar. Ɗaya ya tafi biki, ɗaya kuma yankan ciyawar dabbobi ya tsare shi a gona. Na ce masa ni fa iyakacin sanina atisayen da na yi da su sau biyar a cikin raga tun watan Afrilu. Ya ce ba gwani suke nema ba, mai ƙafa biyu suke nema.

Shekarata uku ke nan a wannan ƙauye na yankin Yorkshire a arewacin Ingila, inda aiki ya kawo ni. A Zariya na tashi, ƙwallon ƙafa da langa na sani. Kurket kuwa a bakin kawuna na fara jin sa, shi da ya yi makarantar kwana a zamanin da ake koyar da shi, yana yawan ba mu labarin cewa Sardauna ma ya buga a Kwalejin Katsina. Lokacin dariya muke yi, muna ganin wasan Turawa ne marasa aikin yi.

Da ƙarfe ɗaya na rana aka jefa kwabo, baƙi suka ci, suka zaɓi su fara bugu. Filin yana bayan coci, gefe guda katangar dutse ce, bayanta tumaki na kiwo. A tsakiya akwai wani zirin ƙasa da aka aske ciyawarsa aka daddale, tsawonsa yadi 22, kowane ƙarshe da sanduna uku a kafe da 'yan itatuwa biyu ƙanana a kansu. Duk wasan a kan waɗannan 'yan itatuwa yake: mai jifa yana son ya kakkaɓe su don ya fitar da mai bugu, mai bugu yana tsaron su yana neman maki. Kowane ɓangare an ba shi oba 40, oba ɗaya kuwa jifa shida ce.

An kai ni can bakin iyaka, inda ake ɓoye wanda ba a yarda da hannunsa ba. Sa'a biyu da rabi ina tsaye, ƙwallo ta zo wajena sau huɗu. Wanda bai taɓa riƙe ta ba zai ɗauka wasa ne. Nauyinta kusan giram 160, ciki toshiya ce da zare, waje jar fata mai ɗinki a tsakiya, kuma in ban da mai tsaron bayan sanduna ba wanda aka yarda ya sa safar hannu a cikin masu tare ta. Ta farko na tare ta da ƙauri kamar mai tsaron gida, na kwana uku ina ɗingishi. Ta uku ta taso sama, na ware tafin hannu a sandare, ta dake ni ta faɗi ƙasa. Wani yaro ɗan shekara 15 da ke kusa da ni ya nuna min da hannu: a haɗa tafuka, a sassauta, a janyo ta jiki kamar mai karɓar ƙwai. Ban ji daɗin jikan wani ya koya min ba, amma gaskiyarsa. Na kuma lura duk wanda ƙwallon ta biyo ta hannunsa sai ya goga gefe ɗaya a wandonsa, don gefen ya yi sheƙi ta riƙa karkata a iska. A da har da yawu suke shafa mata, aka hana a 2020 lokacin korona, daga baya hanin ya zama doka.

Baƙi suka tashi da maki 168. Sai shayi. Kada mai karatu ya raina wannan shayin, don ƙungiya takan yi suna da shi ko ta zubar da mutuncinta a kansa. Matan ƙauyen da wasu tsofaffin 'yan wasa sun cika tebur da biredi da kek. Na zaɓi mai ƙwai da mai cuku, na kauce wa na naman alade, sannan na zaga bayan farin allon da ake kafawa a ƙarshen fili na yi azahar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai tara da rabi ta wuce, saboda haka lokaci bai ƙure ba.

Yanzu ga inda abin ya faru. Kyaftin ɗinmu dattijo ne mai shekara 60 da 'yan kai, tsohon makaniken tarakta, shi ke aske filin, shi ke shafa farin layi, shi ke riƙe da makullin ɗakin kaya. Kowa sunansa yake kira gatsau, har yaron nan. Ni bakina ya kasa, a raina Baba nake ce masa. Shi ya buɗe mana bugu, kuma yana nan daram yayin da sauran ke zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da mutum na bakwai ya fita, saura maki 23 a oba shida, shi kuma ya haura maki 60. Ni ne na tara a jeri. Na ɗaura kariyar ƙafa, na sa hular kwano, na fito gwiwa na rawa.

Ya tare ni a tsakiya ya ce abu biyu kawai yake so: in tsare sandunana, in kuma yi magana da ƙarfi. Na gyaɗa kai. Na farkon na gane shi, na biyun na ɗauka ƙarfafa gwiwa ce kawai.

Ga yadda abin yake. Masu bugu biyu ne a fili, ɗaya a kowane ƙarshe, maki ɗaya kuma shi ne su yi musayar wuri a guje kafin a dawo da ƙwallo a kakkaɓe itatuwan. Kalmomi uku ake amfani da su: e, a'a, dakata. In ƙwallo ta tafi gaban wanda ya buga, shi ke da magana. In ta tafi bayansa, inda sai ya waiwaya zai gan ta, magana ta koma bakin abokinsa da ke ɗaya ƙarshen. Ba ruwan wannan tsari da wane ne babba.

Na tsira daga jifa huɗu, har gefen katakon buguna ya ɗan taɓa ɗaya muka samu maki. Sai Baba ya goga wata ta bayan ƙafarsa, ta gangara a hankali. Maganata ce. Kuma na gani, wallahi na gani sarai: wani saurayi mai zafin nama ya riga ya sunkuya a kanta, babu maki a wurin. Amma Baba ya riga ya ɗaga ƙafa, idonsa a kaina yana jira. Abin da ya kamata in kwatsa masa tsawa in ce a'a. Sai kalmar ta maƙale. Tun ina yaro ban taɓa ɗaga murya na ce wa mai furfura a'a ba. A gidanmu in babba ya nufi wani waje bin sa ake yi, in akwai gyara a bari sai an keɓe. Sai na yi abin da jikina ya saba, na yi shiru, na ɗan tako biyu don girmamawa. Mu a wajenmu shiru ma magana ce, kuma shi ma ya ji ta, sai dai e ya ji. Ya taho da gudu. Ni kuma da na ga ƙwallo a hannun saurayin, tsoro ya mayar da ni cikin layina, inda ba za a iya fitar da ni ba. Baba ya tsaya cak a tsakiya, ya juya zai koma, kafin ya yi taku uku itatuwan suna ƙasa. Alƙali ya ɗaga yatsa, alamar Baba ya fita.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya wuce ta gabana, katako a hammata, bai ce uffan ba. Mutum biyun da suka rage ba su daɗe ba, aka cinye mu da maki 11. Ni ne ban fita ba, da maki huɗu, abin da ya ƙara min kunya, don a littafin maki sai ka ɗauka na yi abin kirki.

Bayan an tashi ana ɗebe tutocin iyaka, na same shi na ba shi haƙuri, na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa girmansa ne ya hana ni. Ya dube ni kamar na yi masa yaren da bai taɓa ji ba. Ya ce shi a tsakiyar fili makaho ne ga duk abin da ke bayansa, ni ne idonsa, ido kuwa in ya yi shiru rami ake faɗawa. Ya ce in na ce a'a na yi kuskure, maki ɗaya muka rasa, amma rabin e da rabin a'a mutum yake ci. Sannan ya ƙara wani abu da ban taɓa tunani ba. Tunda abin ya riga ya lalace, da na fito na wuce shi a guje, da ni za a fitar ba shi ba, domin wanda ya fi kusa da sandunan da aka kakkaɓe shi ke fita. Mai maki ɗaya shi ke ba da kansa don mai 60 ya zauna. Wato ko girmamawar da nake taƙama da ita ban yi ta daidai ba. Na bi shi taku biyu, da wuya ta zo na koma na tsira da kaina.

Na daɗe ina juya wannan. Ban yarda cewa tarbiyyar gida ce ta yi laifi ba, don ko a gida ɗan da ya ga maciji a bayan mahaifinsa ba ya tsayawa gaisuwa. Ni ne ban gane cewa wannan ma irin wurin ba ne. Kuma sai yanzu na daina ganin kiran sunan da suke yi masa a matsayin raini tsantsa. Yaron nan da ke kiransa gatsau shi ne ya zauna har dare yana taya shi jan murfin fili saboda hadari.

Washegari na kira Kawu na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗan nan, wa ke da kira?"

"Ni ne, Kawu."

"To me ya hana ka?"

"Kawu, dattijo ne fa, sa'anka."

"Ko Sarkin Zazzau ne a ɗaya ƙarshen, a'a za ka ce masa. In an tashi ka je ka faɗi ka yi gaisuwa."

Ranar Talata a wajen atisaye Baba bai bar ni na taɓa katako ba sai da ya tura ni can jikin katangar dutse, shi ya tsaya ƙofar ɗakin kaya, ya ce in yi ta faɗin a'a har sai ya ji. Sau biyu yana kama kunne. A na uku tumakin suka watse, wata mata da ke yawo da karenta ta tsaya tana kallona. Da ya manna jerin sunayen Asabar mai zuwa na leƙa, ina ciki, amma ya mayar da ni na goma.