Albarushi, ƙuri'a da ƙofar ganuwa: yadda Virginia ta tsare iyakarta a 1777

Lokacin da Amurkawa ke yaƙin ƙwatar 'yanci daga Birtaniya, sojan George Washington, babban kwamandan Amurkawa, yana can gabas, sai aka bar iyakar yamma, bakin Kogin Ohio, a hannun 'yan sa-kai. Sunan sa-kai ne kawai. Dokar jihar Virginia ta 1777 ta tilasta wa duk namiji ɗa, wato wanda ba bawa ba, daga shekara 16 zuwa 50, ya shiga.

Dokar ta fayyace kayan kowa: bindiga da ɗan gatari, ko bindiga da banati, sannan ya ajiye laba ɗaya ta albarushi da laba huɗu ta harsashi a kullum. Ana raba mazan gunduma kashi 10 ta hanyar ƙuri'a, in kira ya zo kashi na farko ya fita, na gaba ya biyo baya. Hikimar a nan ita ce kada a kwashe ƙauye kaf a bar gona ba mai girbi. Ƙalilan daga cikinsu, masu sanin daji, su ne ke zaga bakin kogi suna duba sawu da inda aka ɓoye kwalekwale. Da sun ga alama, iyalai su tattara su shige ganuwar gungume.

Ganuwar nan kuwa tana aiki, domin maharan, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wato Shawnee da Wyandot da Mingo, waɗanda Birtaniya ke ba makamai daga sansaninta na Detroit, yawanci ba su da igwa. Su ma, a faɗi gaskiya, ƙasarsu suke karewa daga masu cinye ta gona bayan gona.

Inda abin ke lalacewa shi ne ƙofa. Ranar 1 ga Satumba 1777 a ganuwar Fort Henry da ke Wheeling, mahara kaɗan suka nuna kansu, Kyaftin Samuel Mason ya fita bin su da mutum 14, ashe sauran suna kwance a gonar masara. Mafi yawansu ba su dawo ba, amma ganuwar ba ta faɗi ba. A Blue Licks da ke Kentucky, 19 ga Agusta 1782, haka aka sake: Daniel Boone, ɗaya daga cikin hafsoshin 'yan sa-kai, ya ce a jira ƙarin dakaru, aka ƙi, mutum kusan 180 suka haye kogi suka faɗa kwanton ɓauna, aka kashe kusan 70, har da Israel, ɗan Boone. Hafsan da maƙwabtansa ne dakarunsa yana jin nauyin ya ce a tsaya, gudun kada a kira shi matsoraci a gaban 'yan garinsu.