Turawut na farko a ƙoramar Ochil

'Yan'uwa masu koyon fatsa da ƙwaron ƙarya, jiya Allah ya nufa na kama kifin turawut na farko a wata 'yar ƙorama da ke gangarowa daga duwatsun Ochil a Sikotland, bayan na yi Asabar biyar ina komawa gida hannu rabbana. Na yi murna matuƙa, domin ranar 6 ga Oktoba ake rufe kamun, ba kuma za a sake buɗewa ba sai 15 ga Maris.

Da farko na ɗora wa ƙwaron laifi, har na kashe fam 18 wajen sayen iri-iri, waɗanda rabinsu yanzu suke maƙale a rassan itatuwan bakin ruwa, kuɗin nan kuwa har yau suna yi mini ciwo. Ashe matsalar tana ga zaren. Faɗin ƙoramar bai wuce taku uku ba, amma ruwanta ba gudu ɗaya yake yi ba. A tsakiya yana zuba da ƙarfi, a bayan kowane dutse kuma yana lafawa, kuma a nan ne kifin yake laɓewa, ya fuskanci inda ruwa yake fitowa yana jiran abinci. Duk sa'ad da na jefa ƙwaron inda ruwan ya lafa, sai zaren da ya kwanta a kan ruwa mai gudu ya fizge shi, ya riƙa jan sa yana tsaga ruwa. Ƙwaron gaske ba ya tafiya haka, kifin kuwa ya san da wannan. Sau da yawa na gan shi ya taso har ya kusa kai baki, sa'an nan ya juya ya nutse, ni kuma in tsaya raina a ɓace.

Jiya na haƙura da jifa mai nisa. Na biyo ta ƙasan ƙoramar da rarrafe har na zo bayan kifin, na ɗaga sanda sama yadda zare mai kauri bai taɓa ruwa ba sam, sai ɗan siririn da ke gaba kawai. Ƙwaron ya zauna cik na daƙiƙa uku ko huɗu, kifin ya haɗiye shi. Tsawonsa bai fi santimita 20 ba, jikinsa da jajayen ɗigo masu kyan gaske. Na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, na zare ƙugiyar, na mayar da shi ruwa.

Abin da ya rage mini shi ne iska, domin idan ta kaɗo daga saman kwarin takan ɗaga zaren ta tsige ƙwaron daga ruwa, kuma sau uku ta yi mini haka kafin la'asar.