Ganuwa Daga Kan Dala

Asabar. Da hantsi na hau Dutsen Dala tare da ɗan ƙanwata, wanda aka ba su aikin gida a makaranta game da ganuwar Kano. Daga sama ana hangen Goron Dutse sarai, amma ita ganuwar sai wanda ya riga ya san inda take ne idonsa zai tsinto ta a tsakanin rufin kwano.

Na gaya masa cewa a gindin wannan dutse garin ya soma, inda maƙera suke narka tama tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ta ci gaba da tsare birnin har 1903, lokacin da sojojin Ingila suka zo da igwa.

Bayan azahar muka gangara wajen Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 domin faɗaɗa titi, aka sake gina ta. A gefen badala muka tarar da wani dattijon magini, na ce, "Baba, me ya sa ginin da ya yi ɗaruruwan shekaru yake zubewa yanzu?" Ya ɓantaro ɗan ɓaraguzai, ya murje a tafin hannunsa, har guntayen ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita suka bayyana. Ya ce a da, da zarar damina ta ɗauke, ana yin gayya, a kwaɓa ƙasa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali, a cike inda ruwa ya ci. Ya ƙara da cewa siminti ba ya kama jar ƙasa, ruwa ne yake shiga bayansa ya kwanta, wata rana ya ɓalle da abin da ya rufe.

Maganarsa ta zauna mini, domin a ganina gyaran da ake yi sau ɗaya a yanke ƙyalle a watse ba zai riƙe ginin ƙasa ba. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, domin a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma a wurin da muka tsaya shara ce jibge a gindinta, ga kuma sabon rami inda wani ya ɗebi ƙasarta ya tafi yin gini.