Abin da Na Gani a Cikin Fatar Jar Akuya

Jima gadonmu ce a nan birnin Kano. Baba, Allah ya jiƙansa, idan dillali ya kawo fata, lanƙwasa ta kawai yake yi, ya goga mata babban yatsa, ya ce, "Wannan tunkiya ce, mayar masa da abinsa." Ina yaro ina dakan bagaruwa a gefe, na sha tambayarsa yadda yake ganewa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Hannu ne zai koya maka."

Hannun ya koya mini, amma sai da na kai ɗan yankin fatarmu ɗakin binciken wata jami'a na ga dalilin da idona. Suna da madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron. Aka yanki fata da sabuwar reza, ba ta kai girman farce ba, aka fesa mata zinariya siririya, aka rufe ta a akwatin da aka zuƙe wa iska. Da hoton ya fito a kwamfuta, baƙi da fari, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Fatar da nake taɓawa tun ina ƙarami ashe saƙa ce. Zaruruwan da masana ke kira kolajin sun sarƙe da juna, a sama sirara masu laushi, a ƙasa masu kauri kamar igiya. A jar akuyar Sakkwato saƙar nan a matse take, ga kofofin gashi a jere kamar ƙananan jinjirin wata. Ita ce fatar da a zamanin da ayari ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, suna rufe littattafansu masu daraja da ita.

Sai aka saka ta tunkiya. Tsakanin saƙar sama da ta ƙasa duk ramuka ne, gurbin kitsen da ya fita wajen aiki. Shi ya sa take sakwa-sakwa, take ɓarewa gida biyu. Abin da yatsan Baba yake ji ke nan.

Daga nan na sayi ƙaramin madubi na kan tebur na ajiye a majemarmu. Kowane kaso muka tsamo daga ruwan bagaruwa sai na yanka na duba. Bagaruwa daga fuska biyu take shiga, to in na ga farin layi a tsakiya, fata ba ta jemu ba, ta koma ruwa ko da mai ita yana bakin ƙofa.

Masu kawo mana ɗanya su ne ciwon kaina. Mutum ya feɗe, ya bar fata ta kwana ba gishiri, ƙwayoyin cuta su bi kofar gashi su cinye fuskar, sannan ya rantse maka ta yau ce. Ga masu roba kuma, sun cika kasuwa da jaka da takalmi wai fata. Wani baduku ya zo yana ta ciniki, wai ya samu irinta a rabin kuɗi. Na ce, "Malam, kawo mu gani." Na yanka na saka masa a madubi: yadi a ƙasa, kumfar roba a sama, kofofin gashin ma bugawa aka yi, duk iri ɗaya. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ɗago ya ce a ware masa ashirin daga cikin jajayen da muka rina da karan dafi.