Kifin da Na Je Lesoto Na Kama Na Saki

Ranar da nake haɗa kaya, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon doguwar jakar da sandar fatsa ke ciki. Ta ce, "Maigida, wai da gaske ne kifin nan in ka kama shi sakinsa za ka yi?" Na ce haka dokar wurin take. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ni dai ban taɓa jin wanda ya kai wa kifi ziyara ba sai kai."

Kifin da ake magana a kansa sunansa tirawut. Kada kunne ya kai mutum ga tarwaɗa, don ba abin da ya haɗa su sai zaman ruwa. Tarwaɗa tana iya kwana a taɓo ta wayi gari garau. Shi kuwa tirawut ɗan gata ne, sai ruwa mai sanyi, mai haske, mai gudu a kan tsakuwa. Da ɗumin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Shi ya sa duk mai nemansa a Afirka sai ya hau dutse. Lesoto kuwa ƙasa ce da ke kan dutse gaba ɗayanta. Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina, kuma wuri mafi kwari a cikinta ya kai kimanin mita 1,400 sama da teku.

A watan Afrilu na tafi, lokacin da can ruwan sama ke janyewa, sanyi ke ƙaratowa. Daga Johanasbag muka kamo hanya a mota, muka haye kogin Mohokare a Maputsoe, muka ratsa Hlotse, daga nan Pitseng. Har zuwa nan tafiya ce irin ta ko'ina. Bayan Pitseng ne hanya ta miƙe tsaye. Kwana bayan kwana, mota tana nishi a giya ta ɗaya, kunnuwana suka toshe. A ƙololuwar mashigar Mafika Lisiu, mita 3,090, direba ya tsaya injin ya huce. Na fito in miƙe ƙafa, taku goma na yi na ji ina haki kamar wanda ya yi tsere. Ga iska mai yanka fuska. Can gefe wasu yara makiyaya suna tsaye cikin barguna da takalman roba, sun rufe fuska da hular ulu sai idanu kawai, tumaki da awaki masu dogon gashi sun bazu a gangare. Na ce musu "lumela" yadda na gani a rubuce, suka kwashe da dariya. Ashe a rubutunsu harafin l in ya zo gaban i ko u, d ake faɗa. Dumela ne. Kogin ma da na yi ta kira Malibamatso tun daga gida, Madibamatso suke cewa.

Da muka gangaro wajen Ha Lejone sai ga ruwan, shuɗi mai duhu, ya kwanta tsakanin duwatsu yana lanƙwasa kamar maciji. Wannan shi ne tafkin madatsar Katse. An kammala bangon a 1996, tsayinsa mita 185, na kankare ne mai lanƙwasa kamar baka, an kafa shi ƙasa kaɗan da inda kogin Bokong ke haɗuwa da Malibamatso. Asalinsa yarjejeniyar 1986 ce tsakanin Lesoto da Afirka ta Kudu. Ruwan yana bin rami ta ƙarƙashin dutse, kilomita 45, ya juya injinan lantarki a Muela, ya ci gaba har ya faɗa kogunan da ke shayar da Johanasbag. Wato ruwan da na yi wanka da shi a otal kwana biyu da suka wuce, mai yiwuwa daga nan ya taso. Ƙarƙashin tafkin kuma akwai gonaki da makiyayar mutanen da aka tasa.

Jagorana dattijo ne mai ƙarancin magana. Su a wurinsu duk babban namiji "ntate" ne, wato baba, don haka ina ce masa ntate, yana ce mini ntate. Ranar farko bai bar ni na kusanci ruwa ba. A kan ciyawa ya tsayar da ni.

Sai an fahimci abu guda kafin wannan fatsa ta shiga kai. A fatsar da aka saba, nauyin darma ko na ƙoto shi ke jan zare in an wurga. A nan babu ƙoto, babu tana. Abin da ke bakin zaren ƙwaron bogi ne, gashin tsuntsu da na dabba aka ɗaure a jikin ƙugiya da zaren ɗinki, bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba shi da nauyin da zai kai kansa ko'ina. Don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake wurgawa, ƙwaron ya bi ta a baya. Tsakaninsa da igiyar akwai siririn zaren nailan kamar ƙafa tara, yana sirancewa har bakinsa ya zama kamar gashi. Sandar ma ƙafa tara ce, ba ta da nauyi, tana lanƙwasa kamar tsumagiya. Za ka ɗaga ta da sauri, ka tsaya cak, ka jira igiyar ta miƙe a bayanka, sannan ka turo gaba. Wannan jiran shi ne duk karatun, kuma shi ne na kasa. In ka yi gaggawa sai ka ji "fyat!" kamar bulala, ƙwaro ya tsinke ya tafi. Uku na zubar kafin azahar, na huɗu ya kama mini hula ya jefar. Ntate bai yi dariya ba. Cewa kawai ya yi, "Ntate, ba doki kake duka ba."

Washegari muka shiga tafkin a ƙaramin kwalekwale. Ba zan ɓoye ba, don wannan na zo: babban kifi, wanda za a riƙe da hannu biyu a ɗauki hoto. Fatsar tafki aikin haƙuri ce marar ado. Igiya mai nutsewa ake sa wa, da ƙwaro baƙi mai doguwar wutsiya wanda ke kwaikwayon ɗan kifi. Ka wurga, ka ƙirga ashirin ya nutse, ka dinga jawowa kaɗan-kaɗan da yatsu. Ka sake. Gaɓar tafkin a tsaye take kamar bango, taku kaɗan daga baki zurfi ya wuce misali. Can nesa ana hango kejin da ake kiwon tirawut a cikinsu, zagaye-zagaye a kan ruwa, kifin da ake fitarwa har Japan. Iska ta taso da hantsi, yatsuna suka ƙage. Sai wajen la'asar na ji an fizge igiyar kamar an kama ni da kokawa. Ɗan faifan da ake naɗe igiya ya ɗauki ƙara, kifi ya yi tsalle sau biyu. Da ƙyar muka sa shi a koma. Ƙato ne, mai jan zane a gefe, irin wanda asalinsa daga kogunan yammacin Amurka ta Arewa ne. Ina murna, sai ntate ya nuna mini wutsiyar. Ta cinye, ta yi gundul, fikafikan ma duk sun goge. Ya ce, "Wannan daga keji ya tsere. Abincin buhu ya girma da shi." Ya zare ƙugiya ya mayar da shi. Na ji kamar wanda ya yi farauta ya harbo kazar maƙwabci.

Kwana na uku muka bi Bokong sama, a ƙafa, wani ƙuru yana ɗauke da kayanmu. A nan ne tafiyar ta fara biyan kuɗinta.

Kogin ba shi da faɗi, a wasu wuraren yaro ma zai jefa dutse ya haye. Amma haskensa ya ba ni tsoro. Ana ganin kowace tsakuwa a ƙasa, har mutum ya ɗauka ruwan iya gwiwa ne, ya taka ya ji shi a ƙugu. Sanyinsa kuwa sai da na ji shi a haƙora. Kafin mu ɗaura komai, ntate ya sa hannu ya ɗago wani dutse ya juya shi. Ƙarƙashinsa wasu 'yan ƙwari ne shafaffu masu wutsiya uku suna ta gudu. Ya ce waɗannan su ne tuwon kifin. Suna shafe watanni a ƙarƙashin dutse, ran da suka isa sai su taso saman ruwa, su fasa riga, su fito da fikafikai kamar shinge, su yi kwana ɗaya ko biyu su mutu. Sai da ya duba girmansu da launinsu sannan ya buɗe akwatinsa ya zaɓo mai kama da su.

Tirawut kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da zai kawo masa. Saboda haka ta baya ake zuwar masa, ana hawa kogi, ba a gangarowa. Yana son bayan dutse, inda zai fake daga ƙarfin ruwa, da layin da kumfa ke bi, don inda kumfa ta bi nan abinci ke bi. Duk wannan na ji, na kuma gyaɗa kai. Da muka iso gurbi na farko, ntate ya nuna mini kifi uku a jere, ni ban ga komai ba sai da ya ba ni tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Ina ganinsu zumuɗi ya ɗebe ni, na miƙe tsaye a kan dutse, inuwata ta faɗa ruwan. Kafin ƙiftawar ido babu ko ɗaya. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ban taɓa sanin karin maganar nan zance ne na zahiri ba sai ranar.

Daga nan rarrafe na koma yi, da girmana. Gurbi na biyu ƙwarona ya maƙale a reshe. Na uku na wurga daidai, ya sauka a hankali, kifi ya taso har ya kusa taɓa shi da hanci, sai ya juya abinsa. Na dubi ntate. Ya ce ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu, ya ja cikin igiyar, igiyar ta ja ƙwaron, ya bar ɗan layi a bayansa. Ƙwaron gaske ba ya yanka ruwa, bin sa yake yi. Ya nuna mini yadda ake juya igiyar sama da ɗan kaɗa sanda da zarar ta sauka, don ƙwaron ya sami sararin tafiya shi kaɗai. Abin bai fi daƙiƙa uku ba, amma a kansa komai ya rataya.

Da rana ta yi zafi sai fara ta fara tashi a ciyawar gaɓa, iska tana jefa wasu a ruwa. Ntate ya sauya mini ƙwaro, ya ɗaura mai siffar fara, har da ƙafafu. Ya ce wannan ba a lallaɓa shi, a bar shi ya faɗo "ɓal", yadda fara ke faɗowa. Akwai wani lungu ƙarƙashin gaɓa inda ciyawa ta sunkuyo. Na durƙusa, na ɗaga sanda, na jira, wannan karon na jira da gaske. Farar ta faɗa, ta yi tafiyar kamu biyu. Wani baki ya ɓullo daga inuwa ba gaggawa, ya rufe a kanta. Na ɗaga sanda, ta lanƙwashe.

Bai kai rabin na jiya ba, tsawonsa bai wuce daga yatsana zuwa tsintsiyar hannu da ɗan ƙari ba. Amma da ya kwanta a koma sai na rasa bakin magana. Wannan shi ne tirawut mai launin ruwan ƙasa, wanda kakanninsa daga Turai aka kawo su. Cikinsa kamar man shanu, bayansa zanen baƙaƙen ɗigo, a gefe kuma jajayen ɗigo, kowanne da farin zobe kewaye da shi kamar an zauna an yi masa da alƙalami. Wutsiya cikakkiya, ba inda ta goge. Ntate ya ce in jiƙa hannu kafin in taɓa shi, domin busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Ƙugiyar ba ta da ƙayar baya, an matse ta tun farko, don haka zarewa ɗaya ta fita. Na riƙe shi cikin ruwa, kansa yana fuskantar gudu, ina jin motsinsa a tafin hannuna yana buɗe kumatu yana rufewa. Sai ya yi wulƙ, ya koma inuwarsa.

Da na ɗago, ashe wani yaro makiyayi yana tsugune a kan dutse tun ɗazu, karensa a gefe. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya faɗa wa ntate wata magana. Na tambayi me ya ce. Ntate ya ce, "Tambaya yake ko kifin ba shi da lafiya ne." Na rasa amsa. Ntate ne ya yi masa bayani da yarensu, kuma ban ga alamar ya gamsu ba. Mun ba shi burodi daga guzurinmu, ya karɓa da hannu biyu, ya tura cikin bargo.

Da dare a bakin wuta na ce wa ntate ai gaskiyar yaron ce. Ya ce da gaskiyarsa, amma kogin nan in kowa ya ɗauka, shekara biyu ba za a sami na nunawa ba, kuma kuɗin da baƙi ke biya don su kama su saki yana shiga ƙauyen, mutanen ƙauyen ne ma ke gadin ruwan. Na ce to ashe mu masu sakin kifi mu ne masu kirki. Ya girgiza kai. Ya ce akwai wani ɗan kifi, bai fi yatsa ba, mai ja a gindin fikafikai, wanda shi ne ɗan asalin waɗannan duwatsu. Har an ɗauka ya ƙare a duniya, sai a 1970 aka sake ganinsa a kogin Tsoelikane, can Sehlabathebe. Tirawut yana cikin abin da ya kore shi, don cinye shi yake yi. Yanzu sai a saman mafaɗar ruwa, inda baƙon ya kasa hawa, ake samunsa. Ya tura itace a wuta ya ce, "Wanda ka saki ɗazu, ntate, shi ma baƙo ne kamarka. Ya dai riga ka zuwa."

Da safe raɓa ta daskare a kan tanti, sai da muka jira rana kafin mu naɗe. Na ƙara kama biyu a hanyar dawowa, na zubar da huɗu.

Da na iso gida, ko jaka ban ajiye ba uwargida ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Ina hoton mutumin naka?" Na ciro waya ina ta nema. Na babban kifin tafki yana nan, fes, amma na wuce shi. Na ɗan kogin guda ɗaya ne tak, ntate ya ɗauka da hannu mai sanyi. Hannuna ne a cikin ruwa, sai wani abu kamar wutsiya yana fita daga gefen hoton. Ta kawo wayar kusa da ido, ta nisantar, ta juya ta.

"Wannan ɗin ne?"

Na ce shi ne.