DNA a cikin kofin shayi

Ranar Asabar na tara ƙannena da abokansu a zauren gidanmu a Gwale. Muka dama ayaba da gishiri da ɗan sabulun wanke-wanke, muka tace da rariyar koko, sannan na tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofin. Can sai ga wani farin abu mai yauƙi ya taso. Na ce musu, "Wannan shi ne DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin duk wani abu mai rai."

Ƙanwata ta ɗago shi da tsinken sakace, hannunta har rawa yake. "Yaya, da gaske ana iya sake masa tsari?"

Ana iyawa. Tun 1982 masu ciwon suga suke amfani da insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) da bakteriya, wata ƙanƙanuwar halitta da ido ba ya gani, ke samarwa, bayan an dasa mata sashen DNA na ɗan Adam mai sa a samar da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, darussan fannin nan na sake tsarin DNA suna nan kyauta a intanet, amma yawanci da Turanci, ga bidiyo da cinye data. Yaran nan kuwa wallahi akwai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa na fara naɗar bayanin da Hausa, minti uku-uku, zan riƙa turawa ta WhatsApp. Na farko zai fita ranar Juma'a bayan La'asar, in sha Allah.